Masu awon ƙarfen sabis da muka ɗauko anguwarmu a Jos, ga yadda aikinsu yake

Tunda mutane sun yi ta tambayata a kan injiniyoyin nan da kwamitin anguwarmu ya ɗauko suka yi mana awo a gindin ƙarfen sabis, bari kawai in rubuta komai wuri ɗaya kowa ya karanta. Aikinsu ya yi, kuɗin da muka haɗa bai tafi a banza ba, amma akwai inda suka ɓata min rai kuma zan faɗa. Bazan sa sunansu ba tunda akwai ƙorafi a ciki kuma ba talla aka biyani ba, ƙaramin ofis ne dai na masu aikin muhalli a nan cikin Jos, irinsu ba ɗaya bane, ni burina ku san me zaku nema in kun je wurin kowanne.

Anguwarmu ta wajen Bauchi Road ce, wanda ya san wurin ya san yadda gidaje suke a cushe, katanga jikin katanga. Ƙarfen ya daɗe a wurin, wani bawan Allah ne ya bada hayar filinsa, ana ta gunaguni dai ƙasa ƙasa har ranar da aka ga ma'aikata sun hau suna ƙara sababbin eriya, toh nan fa magana ta tashi wai 5G ake sawa, wai shi ke kawo kansa, wai shi yasa mata ke ɓari, kowa ya tuno da ɗan uwansa da ya yi ciwo. Ni bana raina tsoron nan ko kaɗan, uwa da ta rasa ciki ko take jinyar yaro dole ta nemi dalili, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya zauna da mutane ya yi musu bayani tun ranar da aka kafa ƙarfen. Matasa kuma suka fara maganar zasu tare hanya su hana ma'aikatan shiga, wasu har da cewa a yanke wayoyin. Mai anguwa ya kira taro bayan la'asar ya ce a fitar da mutane masu sa kai su bi maganar ta hanyar hukuma, aka sa ni da wani malamin firamare da ya yi ritaya, da wata nas, da wani mai POS, da na'ibin limaminmu da wata Hajiya mai faɗa a ji a cikin mata. Ba albashi ba alawus, kuɗin keke ma daga aljihunka. Nas ɗin ce ta ce kafin mu je sakateriya da baki kawai gara mu samu masu na'ura su auna, mu je da takarda.

Abu na farko da ya burge ni da su, basu karɓi kuɗi a ranar farko ba. Babban injiniyan ya zo shi kaɗai ya zaga, ya leƙa rijiyoyi, ya tsaya bayan ɗakin Hajiyar da katangarta ke kallon janaretan da ke ba ƙarfen wuta, ya ce mana in awon iskar sabis kaɗai kuke so zan yi muku amma zaku yi asarar kuɗi, don abin da nake gani da idona ya fi wannan. Ya ce a haɗa huɗu: ƙarfin siginar, ƙarar janareta, ruwan rijiya, sai tazarar ƙarfen da gidaje. Muka amince.

Ranar awon siginar sun zo da na'ura mai kai kaman ƙwallo a kan sanda, kuma suka yarda duk mai so ya biyo su ya ga lambar da idonsa, wannan ya taimaka sosai wallahi domin gani ya kori ji. An auna a gindin ƙarfen, an auna a tsakar gidaje, a ɗakin kwana, a islamiyya, har saman benen da ya fi kusa da tsayin eriyar. Ko'ina lambar tana can ƙasa nesa da iyakar da hukumar ICNIRP ta gindaya, ita ce ta duniya da ke fitar da ma'aunin, ta fitar a 1998 ta sabunta a 2020. Ya nuna mana takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 wadda ta ce abin da ake samu a kusa da irin waɗannan ƙarafa yana tsakanin kashi 0.002 zuwa kashi 2 cikin ɗari na iyakar, kuma ba a samu gamsasshiyar hujja cewa yana cutar da lafiya ba. Abin da ya fi ba mutane mamaki shine gidan da ke gindin ƙarfen lambarsa bata kai ta wani gida da ke can gaba ba, sai ya ce eriya kaman fitilar mota take, gaba take haskawa ba ƙarƙashinta ba. Ya kuma kira lamba da wayar wani yaro ya kara na'urar a jikinta, lambar ta haura fiye da duk abin da muka gani a ranar, ya ce kuma in ƙarfe ya yi nisa da kai wayarka ƙara ƙarfi take yi don ta kamo shi, wato cire ƙarfen ba zai rage abin da ke shiga kunnenka ba.

Kuma bai ɓoye ɗaya ɓangaren ba, shi da kansa ya kawo maganar cewa a 2011 cibiyar binciken kansa ta IARC ta saka irin wannan siginar a rukunin 2B, wato abin da ake ganin mai yiwuwa ne yana kawo kansa amma hujja bata yi ƙarfi ba, kuma yawanci a kan masu yawan kara waya a kunne aka yi binciken ba maƙwabtan ƙarfe ba. Na ji daɗin wannan gaskiya, da ya ce mana komai lafiya lau kawai da mutane sun ce an saye shi. Malamin firamaren ya tambaye shi batun yashin kuza, tunda mu 'yan Jos mun san an daɗe ana cewa tarkacen da aka bari a wuraren haƙar kuza yana fitar da tururi mai cutarwa kuma wasu sun yi gini da shi, ya ce eh wannan maganar gaskiya ce amma wani iri ne daban, dangin na hoton asibiti ne mai ratsa jiki, na'urarsa ma daban, na ƙarfen sabis dangin rediyo ne. Batun 5G kuwa ya duba ya ce eriyar da aka ƙara ta 4G ce, ko da 5G ɗin ce ma'aunin ɗaya ne, dama MTN ta fara shi a Najeriya tun 2022, Airtel ta biyo a 2023.

Inda aikinsu ya fi amfani shine janareta. Da farko sun so su auna da rana su tafi, muka ce a'a, da rana ga ƙarar keke ga injin markaɗe wa zai ji, ku zo da dare. Sun ɗan ja amma sun zo, bayan sha biyu, cikin sanyin nan na Jos, suka kafa na'ura a ɗakin Hajiya da taga a rufe da kuma a buɗe. Ƙarar ta wuce abin da dokar hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ta 2009 kan hayaniya ta yarda da shi a wurin kwanan mutane da dare, ba kaɗan ba kuwa. Salansar janaretan ta fashe, murfin da ke rage ƙara an cire ba a mayar ba, bututun hayaƙi kuma yana kallon tagar mutane kai tsaye. Baiwar Allah nan shekara da shekaru tana cewa bata barci, kanta na ciwo, jikanta na tari, ana ce mata ai sabis ne ba yadda za a yi, alhali hayaƙin man gas take shaƙa. Abin ya taɓa min zuciya sosai, har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Sai ƙasan tankin mai, duk ta yi baƙi ta jiƙe, babu simintin da zai tare in ya zuba, ga tsohon baƙin mai da ake juyewa a kwata in an yi sabis ɗin inji. Rijiya biyu na kusa, ɗaya in ka ja ruwa da safe zaka ga wani maiƙo maiƙo a sama. Sun ɗebi ruwa a kwalabe sun kai lab. Tazara kuma suka sa tef, anan ne na fara sanin cewa ƙa'idar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, mita 5 ta ce, ita kuma dokar NESREA ta 2011 mita 10 ta ce daga gindin ƙarfe zuwa katangar gida, hukumomin biyu sun daɗe suna ja a kai. Namu ta gefe ɗaya ya cika, ta gefen Hajiya ya wuce biyar amma bai kai goma ba. Sun kuma lura jar fitilar saman ta mutu, kuma sun ce a sa kamfanin ya nuna shaidar gwajin wayar da ke kai tsawa ƙasa, wanda duk mazaunin Jos ya san yadda tsawa take a farkon damina ba sai an masa bayani ba.

Yanzu ƙorafina. Rahoton ya yi latti sosai fiye da lokacin da suka ɗauka, sai da muka yi ta sintiri muna kira ana cewa gobe, mu kuma mutane sun fara zargin kwamiti ya cinye kuɗi, wanda duk ya taɓa riƙe kuɗin jama'a ya san zafin wannan. Na biyu kuɗin lab na ruwa basu faɗa mana tun farko cewa daban yake ba, sai da aka zo karɓar sakamako, dole muka sake bi gida gida. Wannan ba daidai bane, mutanen da suka bada ɗari biyar ɗari biyar masu sayar da ƙosai ne da 'yan achaɓa da zawarawa. Na uku kuma wanda ya fi damuna, rahoton gaba ɗaya da Turanci ne mai nauyi, teburi da lambobi, injiniyan da ya iya bayani da Hausa tiryan tiryan a baki ya kasa rubuta mana ko shafi ɗaya da Hausa. Ni da malam muka zauna muka fassara muka karanta a masallaci da islamiyyar matan aure. Kuma ba su da mace ko ɗaya a ma'aikatansu, shiga wasu gidajen sai da nas ɗinmu ta karɓi na'urar aka nuna mata inda zata danna.

Amma takardar ta yi aiki, anan ne na san darajarta. Da muka je wurin kansilanmu da ita maganar ta canza, don da muna cewa a cire ƙarfe ne kawai zai ce ba hurumin ƙaramar hukuma bane kuma gaskiyarsa ne, lasisin sadarwa na tarayya ne, izinin gini a cikin Jos kuma hukumar raya birnin, JMDB, ke bayarwa. Amma hayaniya da hayaƙi da mai a rijiya aikin duba gari ne, kuma duba gari a ƙaramar hukuma suke. Kansila ya haɗa mu da sashen lafiyar muhalli, suka zo suka gani suka rubuta notis. Injiniyan ne ma ya faɗa mana kada mu ɓata lokaci a ofishin masu layin waya, don tun wajen 2014 manyan kamfanonin waya suka sayar da dubban ƙarafansu ga kamfanoni masu kula da ƙarfe kawai, su haya suke yi, a duba allon da ke jikin get akwai lambar wurin da sunan mai shi. Da wannan lambar muka rubuta wasiƙa, mai anguwa ya sa hannu ya buga hatimi, muka ajiye kwafi. Ya kuma ja kunnen matasanmu da kyau cewa tun 2024 gwamnatin tarayya ta saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, wanda ya yanke waya ko ya fasa wurin laifi ne babba, kuma duk haƙƙin da muke nema zai bi ruwa.

Mai POS ɗinmu dama tun farko baya goyon bayan cirewa, yana ta tuna mana wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 lokacin da ko gishiri sai da tiransifa, da yadda mutanen Zamfara suka sha da aka kashe musu sabis a 2021. Yanzu yawancin mutane sun dawo kan maganarsa, ba duka ba, akwai dattijon da har gobe yake cewa shi bai yarda da na'urar ba kuma muna girmama shi, yana zuwa taro yana faɗin nasa.

Zuwa yanzu an canza salansa, an mayar da murfin, an ɗaga bututun hayaƙi sama an juya shi, an gyara jar fitila. Simintin ƙasan tanki sun ce yana cikin lissafi, bamu gani ba tukunna. Rijiyar da aka samu mai a cikinta an daina sha, gidan suna sayen ruwa wurin 'yan garuwa kuma muna neman kamfanin ya ɗauki nauyin wannan ko ya haƙa musu borehol, maganar tana teburin kansila. Mun kuma roƙi a sa sola da batir yadda janaretan zai rage aiki da dare.

In anguwarku zaku ɗauko irin waɗannan masu awo, dan Allah ku sa a rubuta jimillar kuɗi har da na lab kafin ku fara karɓar na mutane, a rubuta ranar kawo rahoto, a rubuta cewa awon ƙara da dare za a yi, kuma ku ce sai da shafi na Hausa. Ku tambayi takardar da ke nuna yaushe aka daidaita na'urarsu, namu sun nuna ba gardama. Mu dai zamu sake kiransu in damina ta zauna su ƙara ɗiban ruwan rijiyoyin biyu, don injiniyan ya ce lokacin ne man da ya nutse a ƙasa yake motsawa, kuma wannan karon Hajiya ta ce ita zata riƙe littafin kuɗin.