Gyara fayil kai tsaye ko loda shi cikin rumbun bayanai?

Babban fayil na bayanan taswira, GeoJSON ko CSV (dukansu fayilolin rubutu ne zalla), mai wurare miliyoyi, sai ga shi ana son sauya sunayen wasu kaɗan. Hanya biyu ce a gaban mutum.

Ta farko, a bi rubutun fayil ɗin da sed ko awk, ƙananan manhajojin gyaran rubutu, ko ɗan shiri na Python. Ba ta buƙatar girka wani abu mai nauyi. Matsalarta ita ce fayil na rubutu ba ya barin gurbi: idan sabon suna ya fi tsohon tsawo ko da harafi ɗaya, dole a sake rubuta duk abin da ke bayansa. Shi kuwa GeoJSON, yadda ƙa'idar RFC 7946 ta 2016 ta tsara shi, dunƙule ɗaya ne, yawancin manhajoji sai sun haɗiye shi duka kafin su taɓa komai, kwamfutar ta yi ta nishi. Waƙafi ɗaya ya ɓace, fayil ya ƙi buɗuwa. Da sauƙi idan kowane wuri na kan layinsa.

Ta biyu, a loda shi cikin rumbun bayanai da ogr2ogr, manhajar sauya tsarin fayilolin taswira: ko cikin GeoPackage, wanda aka gina kan ƙaramin rumbun SQLite, ko cikin PostGIS, rumbun bayanan taswira. Lodin farko na cin lokaci, gaskiya. Amma daga nan umarnin UPDATE ɗaya, wato na sauya bayani, ya wadatar, fihirisar rumbun na kai ka ga wurin nan take, kuma idan aikin ya katse a tsakiya, bayanan na komawa yadda suke.

Gyaran sau ɗaya, ni rubutun zan bi. In kowane mako ne, rumbu.