Gargaɗi ga masu faifan garmaho a Garwa, Marwa da Kuseri: a yi hattara da mai kawo sabo ya karɓe tsoho

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan gargaɗi ne daga Garwa, bayan na shafe mako uku ina bin diddigin wani mutum da ke yawo tsakanin garinmu da Marwa da Kuseri, yana sayar da fayafayan garmaho na jabu da sunan bugun farko, yana kuma raba iyalai da na ainihin da suka gada. Ba zan ambaci sunansa ba, domin suna uku na ji ya faɗa wa mutane daban-daban, kuma maganar ta riga ta isa hannun hukuma. Abin da zan yi shi ne in bayyana yadda yake ƙulla damfararsa, in kuma faɗi yadda ake gane faifai nagari, tunda rashin sanin wannan a wurinmu shi ne jarin da yake juyawa.

Sana'ata gyaran rediyo da kayan sauti ce, fiye da shekara 20 ke nan, kuma ni ma na faɗa hannunsa. A wani zauren WhatsApp na masu sha'awar tsofaffin waƙoƙi ya fara bayyana, da hotunan fayafayai masu sheƙi da gajeren bidiyo na faifai yana juyawa, sauti na fita tangaram. Ya ce kaya ne da aka gano a wani tsohon sito a Duwala, ba a taɓa ɗora musu allura ba tun shekarun 1970, kuma kowanne gram 180 ne. Ya sa sefa dubu 30 a kan guda ɗaya, rabi a tura ta waya, rabi idan kaya sun iso ta motar safa daga Ngaundare. Na sayi biyu. Cinikin biri a sama na yi, kuma na san haka tun lokacin da nake danna lambobin, amma kwaɗayin jin waƙoƙin da na tashi ina ji a ɗakin mahaifina ya rinjaye ni.

Kafin in faɗi abin da na tarar a cikin kwalin, dole ne a san yadda ake yin faifai na gaskiya, domin a nan ne dukan ƙaryarsa take fallasa. Ana farawa ne daga tef na asali, wanda aka ɗauki waƙar a kansa ranar da makaɗa suka shiga ɗakin ɗauka. Daga wannan tef injiniya yake yanka siririn tsagi a kan farantin alminiyum da aka shafe da wani fenti mai laushi, yana rage amon ƙasa yana ƙara na sama bisa ma'aunin RIAA da kamfanonin Amurka suka amince da shi a 1954, saboda fili ya ishi tsagin kuma kada allura ta yi tsalle. Na'urar mai saurare ce take mayar da komai yadda yake. Bayan haka sai a fesa wa farantin azurfa, a tsoma shi cikin ruwan nikel a sakar masa lantarki har ƙarfe ya kwanta a kansa. Abin da aka ɓamɓaro shi masu sana'ar suke kira uba, daga uba a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimin da za a ɗaura wa injin matsa. Curin robar PVC mai zafi ake sa wa a tsakanin hatimi biyu, da takardun tsakiya sama da ƙasa, a matse da tururi, a sanyaya da ruwa, a datse gefe. Kyan sautin faifai yana fitowa ne daga wurare huɗu: ingancin tef ɗin, kunnen injiniyan da ya yi yanka, sabuntar hatimi, da tsabtar roba. Hatimi yana gajiya idan ya yi ta bugu, tef kuma yana raunana da shekaru, shi ya sa masu tara fayafayai suke daraja bugun farko. Amma ko bugun farkon ba duka ne nagari ba, domin bayan tsadar man fetur ta 1973 kamfanoni da yawa sun riƙa niƙa tsofaffin fayafayai su sake narka su, irin wannan robar kuwa tana da tsaki tun tana sabuwa.

Abin da mutumin nan ya aiko mini bai taɓa ganin hatimi ba. Farantin roba ne mai tauri da aka yanka wa tsagi kai tsaye, ɗaya bayan ɗaya, da ƙaramin injin yanka. Wannan sana'a ce da ake yi a fili a ƙasashe da dama ga mai son kwafi goma ko ashirin, kuma babu laifi a cikinta muddin an faɗi gaskiyar abin da take. Laifin shi ne a sayar da irin wannan faifai da sunan bugun shekarun 1970. Na sa farce a gefen takardar tsakiya, sai ta ɗago kamar ta kwalbar magani, da danƙo a ƙarƙashinta. A faifan da aka matsa ba a amfani da gam ko kaɗan, zafi da nauyin inji ne suke haɗe takardar da roba har su zama abu guda. Na shafa gefensa na ji shi a shafe ɗaya daga baki har tsakiya, alhali yawancin manyan fayafayan kamfani da ake kira LP suna da ɗan tudu a baki da kuma wurin takarda, don kare tsagin idan an jera su. Sannan na duba filin nan mai santsi da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takarda, inda injiniya yake karce ko buga lambar farantin da ya yanka, wadda akasari take dacewa da lambar da ke jikin takarda da kwali. Na haska tocila, na sa gilashin masu gyaran agogo, ban ga ko ɗigo ba.

Kwalin ma ya ba da shaida. Rubutunsa ya yi dishi-dishi, kuma a kusurwa akwai hoton lanƙwasa da tabon ruwa a kan takardar da ba ta lanƙwashe ba kuma ba ta jiƙe ba, wato tsohon kwali aka ɗauka a hoto aka sake bugawa. A bayan na biyun har da lambar nan mai layuka da ake haskawa a kanti, wadda fayafayan farkon shekarun 1970 ba su ɗauke da ita.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sautin. Faifai ne sabo fil, ba ko ƙwarzane ɗaya a jikinsa, sai ga ƙaran ƙas, ƙas, ƙas yana dawowa a kai a kai. Duk mai faifai ya san cewa ƙwarzane yana ƙara sau ɗaya ne a kowane zagaye. Faifan LP yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, wato zagaye ɗaya yana cin daƙiƙa 1.8, ƙaramin faifai mai juyi 45 kuwa yana cin kimanin daƙiƙa 1.3. Na ɗiga alli a bakin faifan na zuba masa ido, sai na ga ƙaran yana riga allin dawowa. Ma'anar wannan ita ce, wani ne ya ɗauki sautin tsohon faifai mai juyi 45 da ya ƙwarzane ya ɗora a intanet, shi kuma wannan ya sauke shi ya sa aka yanka a farantin juyi 33, da ƙwarzanen da komai. Kalangu ya rasa zaƙinsa ya koma kamar ana dukan kwali, tafin 'yan amshi ya cuɗe wuri guda, muryar mawaƙin kuma kamar daga bayan labule take fitowa. Bidiyon da ya nuna mana da farko, sautin wani wuri aka liƙa masa.

Maganar gram 180 da yake ta nanatawa tana buƙatar bayani, domin na ji masu ilimi ma suna ɗaukarta hujja. Zurfin tsagi da faɗinsa tun wurin yanka ake ƙayyade su, kuma hatimi guda zai iya buga faifai mai gram 120 ya kuma buga mai gram 180, sautinsu ya fito iri ɗaya. Nauyi yana ɗan taimakawa wajen hana lanƙwashewa, yana kuma da daɗin riƙewa a hannu, iyakarsa ke nan. Hasali ma yawancin fayafayan shekarun 1970 marasa nauyi ne, saboda haka wanda ya haɗa maka bugun wancan zamani da gram 180 a jimla ɗaya ya ba ka dalilin tuhumarsa da bakinsa.

Asarar kuɗina mai sauƙi ce a kan abin da ya sami goggona a Marwa, kuma saboda ita ne na ga wajibi ne in yi magana. Marigayi mijinta direban babbar mota ne da ya yi shekaru yana bin hanyar Maiduguri da Kano, duk tafiya kuma sai ya dawo da faifai. Ya bar mata akwatin ƙarfe cike da su, kusan 60, manya da ƙanana, akwai bugun kamfanonin EMI da Decca na Legas, akwai na mawaƙan Kamaru da aka buga a Faransa. Mutumin nan ya je mata da goro da turare, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce: "Hajiya, waɗannan ƙura ta riga ta kashe su, amma akwai kamfanin da muke kai wa a wanke su a sabunta tsagin. Ga sababbi goma ki riƙe jingina, ga kuma na cefane, nan da wata guda zan dawo miki da naki." Ya bar mata sefa dubu 15. Da na je na ga abin da ya bari, na ce: "Goggo, me ya hana ki kira ni?" Ta ce: "Ɗana, na ga nasa sun fi nawa kyau, na zaci shi ne zai yi asara." Kyan ɗan maciji ne ta gani. Babu wani kamfani a duniya da yake sabunta tsagin da ya cinye, wanki kawai yake fitar da datti, kuma wata na uku ke nan lambarsa a kashe.

Dalilin da ya sa yake farautar tsofaffin ba ɓoyayye ba ne. Masu tara fayafayai a Turai da Amurka da Japan sun daɗe da juyo da hankalinsu ga kiɗan Afirka na shekarun 1960 da 1970. A 2017 kamfanin Analog Africa na ƙasar Jamus ya sake fitar da waƙoƙin da Hamad Kalkaba, ɗan yankin Arewa Mai Nisa, ya ɗauka a 1974 da 1975, kuma irin wannan aiki ya sa 'yan waje sun san cewa a gidajen arewacin Kamaru akwai fayafayan da ba a buga da yawa ba. Sabon bugu na halal irin wannan ba ya ɓoye kansa: yana rubuta shekarar da aka sake shi, da sunan kamfani, da izinin masu waƙa. Haka nan sayar wa mai tarawa faifanka ba aibi ba ne idan ka san abin da ke hannunka kuma kun yi ciniki ido da ido. Abin da nake ƙi shi ne a shiga gidan gwauruwa a yi mata zamba cikin aminci.

Wanda zai sayi faifai, kada ya biya ko sisi sai ya riƙe shi a hannu ya kuma ɗora shi a na'urar da ya yarda da ita. Kada ya tsaya a waƙar farko. A bakin faifan LP tsagi yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kimanin santimita 50 a daƙiƙa, amma kusa da tsakiya bai fi santimita 20 da ɗoriya ba, don haka waƙar ƙarshe ce take tona asirin mugun yanka: a saurari haruffan s da sh da ts a bakin mawaƙi, in suna fashewa suna fesa iska, akwai matsala. A duba tsawon kowane gefe kuma. Gefen LP yana ɗaukar kimanin minti 20 zuwa 22 cikin walwala, shi kuwa wannan mutum yana cusa kusan minti 30, abin da yake tilasta a rage ƙarfin sauti da amon ƙasa. A kuma lura ko ramin tsakiya ya zauna daidai, domin idan ya karkace za a ga hannun allura yana lilo, dogon amon algaita ko goge kuma ya riƙa hawa yana sauka.

Idan aka yi masa ƙorafi, amsarsa biyu ce: ko ya ce zafin Garwa ne ya ɓata faifan a hanya, ko ya ce allurarka ce ta mutu. Gaskiya ne a watannin Maris da Afrilu zafinmu yana haura digiri 40, kuma faifan da aka bari a rana ko a ƙarƙashin rufin kwano yana lanƙwashewa, shi ya sa ake jera su a tsaye a wuri mai inuwa. Amma lanƙwasa abu ne da ido yake gani, kuma zafi ba ya goge lambar injiniya, ba ya kuma shafa wa takarda gam. Game da allura kuwa, a ɗora wani faifan da aka sani a gabansa, magana ta ƙare.

Ni da ɗan goggona mun shigar da ƙara a ofishin jandarma, mun ba da lambobin da aka tura wa kuɗi, da saƙonnin shaidar biya, da fayafayan jabun guda 12. Damfara da cin amana laifuffuka ne da sashe na 318 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru ya ambata, kuma layin waya a ƙasar nan da katin shaida ake yi masa rajista, saboda haka duk wanda ya tura wa wannan mutum kuɗi kada ya goge saƙon, ya kai shi wurin hukuma ko da kuɗin kaɗan ne. 'Yan'uwanmu na Njamena su ma su lura, domin daga Kuseri gada ɗaya ce tsakani. Fayafayan goggona suna da alama: a kusurwar dama ta bayan kowane kwali marigayin ya rubuta sunan garin da ya sayo shi da ajami, da jan tawada, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Wanda aka kawo wa faifai mai wannan alama, ina roƙonsa don Allah kada ya saya, ya ɗauki hotonsa ya sanar da jandarmomin da suka fi kusa da shi.