Akwatin roba ko kayan gida: wanne ya fi wajen koyar da lissafi a ƙaramar sakandare?

Malama, Allah Ya ƙara basira. Tsakanin akwatin kayan lissafi na roba da aka kawo miki talla da kayan da za ki haɗa da hannunki ke da ɗalibanki, shawarata ita ce ki bar akwatin, ki riƙe kuɗinki. Na gwada duka biyun a nan cikin birnin Kano, kuma ɗaya ne kawai nake amfani da shi har yau.

Akwatin na saye shi da kuɗin aljihuna. Siffofin da ke ciki daidai suke, kuma ba zan musa ba, yana da amfani idan za a ɗaga dala ko mazurari a nuna wa aji. Amma guda ɗaya ne a ajin da ya haura ɗalibai 70, na gaba su gani, na baya su ji labari, kuma kafin zangon karatu ya ƙare rabin kayan sun ɓace, sauran sun koma kabad sun sha ƙura.

Abin da ya sauya mini ra'ayi darasin da'ira ne a aji biyu. Na yi makonni ina rubuta 22/7 a allo, wato lambar da ake lissafin kewayen da'ira da ita, yara suna haddacewa kamar karatu, amma babu wanda zai iya faɗin inda ta samo asali. Sai wata rana na ce kowa ya zo da abu mai da'ira daga gida. Aka zo da faifai, da murfin tukunya, da gwangwanin madara, wani yaro ma ya gangaro da tsohuwar tayar keke. Na raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da zare da rula, na ce su zagaye abin da zaren, su miƙe shi su auna, sannan su auna faɗin abin ta tsakiya, su raba na farko da na biyu. Muka jera amsoshin a allo: 3.1, 3.2, 3.15, 3.1. Wata yarinya da ke zama a can ƙarshen aji, wadda tun farkon shekara ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai duk uku ne da 'yar ɗoriya, ko faifai ne ko taya." A ranar ne 22/7 ta shiga kan yaran nan, domin da hannunsu suka gano ta, ni kuwa suna kawai na ba ta, wato pi, na faɗa musu cewa ƙimarta kusan 3.14 ce. Zaren da muka yi aiki da shi ragowar na tela ne, ko sisi ban kashe ba.

Haka na yi da ƙa'idar Pythagoras, wadda ke nuna dangantakar gefuna uku na alwatika mai kusurwar digiri 90. Na samo igiya na ƙulla ta gaɓa 12 daidai wa daida, muka fita filin makaranta, yara uku suka ja ta, gefe ɗaya gaɓa 3, ɗaya 4, ɗaya 5, sai ga kusurwa mai digiri 90 ta fito a ƙasa. Da ma da wannan lissafin magina suke daidaita kusurwar ɗaki kafin su haƙa harsashi, kuma wani ɗalibi da mahaifinsa magini ne nan take ya ce ya sha ganin ana yi. Bayan nan, bayanin cewa 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun ba da 25, wato 5 sau 5, bai ɗauke mu minti biyar ba. Alwatika kuwa takarda ce kawai: a yanka ta, a yage kusurwoyinta uku, a jera su baki da baki, su ba da miƙaƙƙen layi, digiri 180 ke nan. Kara da tsinken tsintsiya sun isa a haɗa siffar akwati, yaro ya ƙirga kusurwa 8 da gefe 12 da yatsansa.

Wahalar kayan gida ita ce lokaci. Za ki ɓata yammacin Asabar kina yankan kwali, ajin zai yi hayaniya, kuma sai an yi shara bayan darasi. Ki naɗa shugaba a kowane rukuni ya tattara kayan a buhu, abin zai yi sauƙi.

Abu uku ne ba su da madadi, dole a saya: rula, kamfas da ma'aunin kusurwa, domin zanen awo yana cikin manhaja, kuma yara za su buƙace su kafin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta aji uku. A nan ne nake so ki yi hattara, ko da yake ba ki tambaya ba. Akwai masu yawo makarantu da jaka suna cewa ma'aikatar ilimi ce ta amince da kayansu, su nuna miki samfuri cikakke, ranar kawo kaya kuma ki tarar da kamfas mai sako-sako da rular da lambobinta ba su daidaita ba. An yi mini haka sau ɗaya. Kada ki biya kafin ki buɗe kowane kwali a gaban mai kayan. Ki tafi da farar takarda A4 a jakarki: faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7, duk rular da ta saɓa wa wannan ki mayar masa. Ma'aunin kusurwa kuma ki ɗora shi a kan kusurwar takardar, dole ya nuna 90 cif.

Ki je Kasuwar Sabon Gari da kanki wajen masu kayan rubutu, ki sayi waɗannan ukun gwargwadon yawan rukunin ajinki, abin da ya rage na kuɗin akwatin ki sayi almakashi da gam da igiya. Kwali kuwa, masu shaguna na unguwarku za su ba ki idan kin tambaya.