Shagon buga fosta na bayan kasuwarmu, ra'ayina

Masu tambaya ta inbox ina muke buga banar ƙungiya, to shagon nan ne na bayan kasuwa mai babbar firinta a ƙofa. Aikinsu fes wallahi, kala ba ta dusashewa ko rana ta dake ta wata biyu, kuma ledar fleks ɗin mai kauri ce ba irin wadda iska ke yagawa ba.

Inda suka burge ni shine 2022. Lokacin ana ta maganar Kwankwaso da Peter Obi za su haɗe, yaran unguwa har sun kawo oda a haɗa hotunansu a bana ɗaya, sai mai shagon ya ce Alhaji a dakata tukuna, ba a san wa zai yarda ya zama mataimaki ba, kuma haka aka yi kowa ya ce shi ne gaba, magana ta watse. A PDP ma bayan Atiku ya ci firamare Wike da sauran gwamnonin G5, wato gwamnonin jam'iyyar guda biyar, suka juya masa baya, mutane suka dinga dawowa a goge musu fuskar 'yan siyasa daga bana a canza tambari, shi kuwa rabin kuɗi yake karɓa in gyara ne.

Matsalarsu dai alkawari. In sun ce Talata sa rai Alhamis, musamman in NEPA ta ɗauke wuta janareto ba mai. Kuma ka duba rubutun Hausa da kanka kafin a buga, yaron kwamfutar baya sa ƙ da ɗ. Taurari huɗu cikin biyar.