Korin kaza: tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali ko ta firesha?

Hajiya, tunda kin ce akwai sola a gidanku, kuma tun safe kike fita aiki, ɗauki mai dahuwa a hankali. Wat 200 zuwa 300 take ci, ba ta kai rabin dutsen guga ba.

A kan kazar Hausa take nuna bajintarta, irin tsohuwar nan mai cinye gawayi. Ga kaza mai kilo 1 da rabi, ki fara soya manyan albasa 2 a mai cokali 3 har su yi ja, ki zuba tafarnuwa, citta, attaruhu da kori cokali 2, ki juya na minti 1. Kada ki tsallake suyar nan. Tukunyar ba ta suya, in kika zuba komai ɗanye, gafin kori da na albasa za su biyo ki har faranti. Dankalin Turawa da karas a ƙasa, don sun fi nama jinkirin nuna a cikinta, kaza a sama, ruwa kofi 1 kacal. Tururi ba ya fita, naman ma zai fitar da nasa ruwan. Mai cika ta da ruwa farfesu za ta tarar. Ki sa ta a ƙaramin zafi awa 7 zuwa 8. Kazar gidan gona kuwa awa 4 zuwa 5 ya isa, cinyoyi ba ƙirji ba, ƙirji bushewa yake. Madarar kwakwa sai saura minti 30. Ki daure ki bar leƙe, kowane buɗewa na ƙara miki kusan minti 20. Kafin magariba nama na saɓulewa daga ƙashi, romon ya yi kauri, shinkafa kawai ta rage.

Abu 2 ke ɓata ta: sa kaza da ƙanƙararta, da mutuwar wuta. A zafin Sakkwato na Afrilu, naman da bai nuna ba ya yi awa 2 ba wuta, na zubarwa ne, ko da bai yi wari ba.

Ta firesha dai, mai dahuwa da matsin tururi, tana dafa kazar a minti 30 a kan gas, amma sai kin tsaya a kanta, dankalin kuma ya dame.

In mai dahuwa a hankalin za ki saya, ki yi hattara da masu sayar da na gwanjo. Wasu daga Amurka suke, na bolt 120, wutarmu kuwa 230 ce, jonawar farko za ta ƙone, mai shago ya ce laifinki ne. Ki kifa ta ki karanta rubutun gindinta da idonki. Ki ciro kaskon ciki ki ƙwanƙwasa, mai tsagewa ba ya ƙara mai kyau. Sannan a zuba ruwa a jona a gabanki, ki ji gefenta ya ɗau zafi kafin kuɗi su bar jakarki. Mai lita 5 ki nema, ƙaramar ba ta ɗaukar kaza guda da dankalinta.