Labarin Doguwar Tafiyar Jirgin Ƙasa: a Takarda ko a Waya?

Masu karatu a Damagaram sun sha tambaya: littafin tafiyar jirgin ƙasa, a saye shi na takarda ko a sauke shi a waya? Garinmu ba layin dogo, saboda haka taswira ce ke ja wa mai karatu gora, kuma nan bambancin yake.

Misali, layin Siberiya na ƙasar Rasha, daga Mosko zuwa Biladibostok, kilomita 9,289 ne, tafiyar kusan mako guda. A takarda kana sa yatsa a shafin taswira, ka koma duk lokacin da aka ambaci birnin Irkutsk ko tafkin Baikal. A waya, in fayil ɗin PDF ne, sai ka yi ta buɗa shafi kana matsewa, sunayen tashoshi su ɓace. EPUB, wani nau'in fayil ɗin littafi, ya fi daɗi, don rubutunsa yana bin girman allon.

Wajen kuɗi waya ta fi sauƙi, tsofaffin littattafai da yawa kyauta ne. Na takarda sai an yi sautu daga Yamai ko Kano, ga gara, ga zafin bazara mai ɓamɓare manne. Ita kuwa waya, caji ne ciwonta in an ɗauke wuta.

Ɗalibi mai yin alama a gefen shafi, takarda ta dace da shi. Mai yawan hawa mota zuwa Agadas ko Diffa, waya ta ishe shi.