Wace insulin ce za ta dace da cin abincin ɗanki?

Da likitan yara a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, Ghana, ya tabbatar mana ɗana na da ciwon sukari, abin da na fara tambaya shi ne kuɗi. Daga baya na gane tambayar da ta fi ita ce: yaya yaron yake cin abinci?

Insulin irin su Actrapid ake fara samu, suna da sauƙin kuɗi, kuma irinsu na cikin jerin magungunan inshorar lafiya ta ƙasa. Sai dai ana yin allurar minti 30 kafin cin abinci, ƙarfinta ya kai ƙololuwa bayan awa 2 zuwa 4. A nan matsalar take. Kin yi masa allura da safe, kin aika a sayo koko da ƙosai a bakin titin Aboabo, aka tarar da layi, ko ya kurɓa sau biyu ya ture kofin. Maganin ya riga ya shiga jiki, babu mai fito da shi. Na ga ɗana yana zufa, hannu na rawa, na'urar auna sukari ta nuna ƙasa da 3.9, wato sukarinsa ya faɗi, ni kuma ina dama sukari a ruwa zuciyata na bugawa.

Mixtard 30 gauraye ce, kashi 30 mai sauri, kashi 70 mai jinkiri. Allura biyu a rana, abin da ke jan hankalin iyaye ke nan. Amma ita ke mulkin gidan: lokacin abinci da yawansa ba sa canzawa, kuma dole a ba yaro ɗan abin taɓawa a tsakani. Ranar suna ko biki sai ta ba ki wahala.

NovoRapid da Humalog suna fara aiki cikin kamar minti 15, su gama cikin awa 3 zuwa 5. Ana yi daf da cin abinci, ana haɗa su da mai dogon zango kamar Lantus. Ga ƙaramin yaro mai tsirfar abinci, likita kan yarda wani lokaci a yi bayan an ga abin da ya ci. Tsada gare su, allurai kuma sun ƙaru, sannan sai kin koyi auna sitaci, don kwanon shinkafa da wake ba ɗaya yake da malmalar tuwo ba. Duk da haka, in aljihu zai ɗauka, su nake zaɓa wa yaron da bai kai shekarun makaranta ba. Adadin kuwa likita ke yankewa, ba maƙwabciya ba.

Kwalba na ɗauke da ma'auni 1000, bututun alƙalamin allura 300. Yaro kaɗan yake amfani da ita, wadda aka buɗe kuma ba ta wuce kamar mako huɗu, don haka babbar kwalba kan zama asara. Alƙalamin NovoPen Echo na ba da rabin ma'auni, abin da ƙananan yara ke buƙata.

Don Allah ki duba sirinji. Wani mai kanti ya taɓa miƙo mini mai alamar U-40, wato na insulin mai ma'auni 40 a kowace mililita, alhali insulin ɗinmu U-100 ce, mai ma'auni 100. Da na yi amfani da shi, da yaron ya samu ninki biyu da rabi. Insulin ɗin da ba a buɗe ba ta zauna a firij, kada ta daskare. In an ɗauke wuta, ni a leda nake ƙulle ta in sa cikin tulun ƙasa mai ruwan sanyi, a inuwa.